Abin da damina ta koya mini a kan keke

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Kafin mako ya zagayo litar fetur ta haura naira 500, albashin malamin firamare kuwa yana nan inda yake. Sai na jingine babur a zaure, na kakkaɓe tsohon Phoenix ɗin mahaifina, na kai aka sa masa sabuwar taya. Daga Samaru zuwa makarantar da nake koyarwa, a wani ƙauye gaba da Shika, rabin hanyar kwalta ce, sauran jar ƙasa. Ga shi damina ta riga ta sauka.

Birki ne ya fara ba ni darasi. Wata safiya ana yayyafi na gangaro wajen wata kwalbati, akuya ta gitta, na matse birki iya ƙarfina, keken ya ci gaba da tafiya kamar ban taɓa shi ba. Allah ya kiyaye, da ƙafa na tsaya. Da na ba dattijon da ke faci a bakin titi labari, sai ya shafa bakin wilin da yatsa ya nuna mini. "Malam, wannan ƙarfe ne. In ya jiƙe roba ba ta kama shi sai ta share ruwan tukuna. Tun daga nesa za ka riƙa taɓa birkin kaɗan-kaɗan." Na ce, "Baba, sarƙar fa da take ta kuka?" Ya ce duk ranar da ruwa ya dake ta in goge ta da tsumma in ɗiga mata mai kafin in kwanta, don da safe tsatsa ta riga ta kama.

Sauran a hanya na koye su. Jar ƙasa in ta sha ruwa takan cushe tsakanin taya da madigadi har wili ya daina juyawa, shi ya sa nake ɗaure ɗan tsinke a kariya don sakace ta. Ruwan da ya kwanta a kwalta ba ya nuna zurfin ramin da ke ƙarƙashinsa, sawun wanda ya riga ni nake bi. Rajista da littafin shirya darasi kuwa leda biyu nake sa su. Hadari a wajenmu daga gabas yake tasowa, a dawowa gida nake fuskantarsa, kuma da zarar iskar nan mai sanyi ta kaɗo da ƙura na san 'yan mintoci suka rage mini. Zaure ko rumfar masallaci nake nema. Ba na fakewa a gindin bishiya, saboda tsawa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba na keken ba ne. Shekaru na yi ina tare 'yan makara a bakin ƙofa, in sa su durƙuso ko tsintar shara. In yaro ya ce ruwa ne ya tsare shi, sai in ce waɗanda suka zo da wuri ai ba a wani gari suke ba. A lokacin babur ke kawo ni, cikin rigar ruwa, hanyar ba ta taɓa gaya mini komai ba.

Wata Litinin a watan Satumba, bayan mun dawo daga dogon hutu, an kwana ana ruwa. Na iske rafin da ke kafin ƙauyen ya cika, na tsaya riƙe da keke har ya ɗan janye, sannan na saɓa shi a kafaɗa na haye. Na iso ana darasi na biyu. A bakin ƙofa ga yara a durƙushe, cikinsu har da wata 'yar aji huɗu, silifas a hannu, laka har gwiwa, tana rawar sanyi. Ta ce, "Malam, rafi ne ya cika, jira muka yi." Maganar da na sha ji ke nan ina ƙaryatawa. Wandona na ɗigar da ruwan rafin da take faɗa. Kunya ta kama ni ƙwarai, har na kasa haɗa ido da ita.

Na roƙi abokin aikina ya tashe su, na kuma sami hedimasta muka yi magana. Muka tsayar cewa duk safiyar da aka wayi gari da ruwa ba a hukunta kowa a ƙofa, kuma da bita ake farawa, sabon darasi sai bayan tara, lokacin da na ƙetaren rafi suka iso. Na ajiye ledoji a aji, wanda ba shi da jaka ya ɗauki ɗaya.

A ranar nan, da muka shiga aji, na ce kowa ya fito da aikin gida. Yarinyar ta zaro littafinta daga cikin hijabi, ta naɗe shi a ledar burodi ta ƙulle bakin da zare. Ko ɗigo bai taɓa shi ba, kuma ta yi lissafin duka.