Likita, Ba Za a Sa Min Injin Ba?

Wurin nawa ɗaki biyu ne da falo, a wani layi bayan Titin Gidan Zu a Kano. A allon ƙofa fisiyo muka rubuta, wato jinyar jiki ta hanyar motsi da gashi, amma duk unguwar ba mai kiransa haka. Gidan gashi suke cewa, ni kuma likitan gashi. Watanmu na farko har wata baiwar Allah ta shigo neman maganin zubewar gashin kai, sai da na yi mata bayani cewa namu gashin na ƙashi ne.

A 2019 na buɗe, bayan na gama karatun fisiyo a Jami'ar Bayero, na yi bautar ƙasa, na ɗan taɓa aiki a wani asibitin kuɗi. Lissafina a lokacin, masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda aka cire wa filasta bayan karaya su ne za su riƙe wurin. Haka kuwa aka fara. Sai ga kullen korona a watan Afrilun 2020, muka rufe, na zauna ina kallon kuɗin haya yana tafiya a banza. Da aka buɗe gari sai na soma ganin wasu irin mutane da ban sa su a lissafi ba: samari da 'yan mata masu jini a jika, ba su faɗi ba, ba su yi haɗari ba, amma wuya ya ƙi juyawa, ƙugu ya riƙe.

Akwai wanda ba na mantawa. Shekarunsa ba su kai talatin ba, yana rubuta manhajar kwamfuta ga wani kamfani a Legas, daga ɗakinsa a Kano. Ya shigo da katuwar ambulan ta hoton da aka yi masa, ransa a ɓace, wai an ce faifan bayansa, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ya goce. Na ajiye ambulan ɗin gefe na ce ya kwatanta min yadda yake zama in zai yi aiki. Ya yi dariya, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya miƙe ƙafa, ya sunkuyar da kai kamar mai tsintar shinkafa. Katifa ce a ƙasa, filo biyu a baya, kwamfuta a cinya. In an kawo wuta da daddare ba ya tashi sai an ɗauke, wani lokacin har asuba.

Kan babban mutum ya kai kilo 5. In yana daidai bisa kafaɗu, wuya ba ya jin nauyinsa. Da zarar an tura shi gaba, tsokar ƙeya da ta kafaɗa ce ke riƙe shi kamar igiyar guga, kuma a haka wannan yaron ke barinta awa takwas, awa goma. Na duba ƙarfin ƙafafunsa da hannayensa, na gwada jijiyoyinsa, komai lafiya lau. Na ce ya nemi teburi da kujera ko da na roba ne, ya jera littattafai ya ɗora kwamfutar a kai har saman gilashin ya zo daidai idonsa, ya sayi allon rubutu na daban da linzami don kada hannu ya bi kwamfutar sama. Ya naɗe tawul ya sa a ƙugu, tafin ƙafa ya taka ƙasa. Duk rabin awa ya miƙe, ko ruwa ne ya je ya ɗebo. Na koya masa motsi uku: jan haɓa baya, matse allon kafaɗa, da miƙar da baya a tsaye hannu a ƙugu.

Ya gama saurare ya dube ni ya ce, “Likita, shi ke nan? Ba za a sa min injin ba?”

Wannan tambaya ita ce sana'ar tamu gaba ɗaya. Muna da fitilar gashi mai jan haske, muna da ƙaramar na'urar da ake manna wa fata tana tsikarin jijiya da lantarki. Suna da daɗi, suna kwantar da ciwo na wasu awanni, mutum ya fita yana sa albarka. Gobe ya koma kan katifarsa, jibi ya dawo. Abin da ke warkar da irin wannan ciwo motsin da mutum zai yi a gidansa ne, wanda ba ni da hanyar karɓar ko sisi a kansa. Kuɗin kuwa yana wurin injin. In na rubuta wa mutum gashi sau goma, zai biya da murna, ya ga an yi masa aiki. In na ce ya zo sau uku ya ƙarasa sauran a gida, sai ya ga kamar na raina ciwonsa. Ba zan ɓoye ba, akwai watan da mai gida ya aiko maganar haya, batirin sola ya mutu, na zauna ina kallon fitilar nan ina lissafi. Daga baya dai na samu tsaka-tsaki. Ina sa mutum a fitila minti goma sha biyar, yana kwance jikinsa ya saki, kunnensa ya buɗe, a nan nake cusa masa karatun. In ya tashi sai ya yi motsin a gabana har ya iya.

Maganar hoto kuma, ta fi komai ba ni wahala. Mutane da yawa da ba su taɓa ciwon baya ba, in aka sa su a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI za a ga faifan ya ɗan bulluƙo, musamman in shekaru sun ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma kusan tara cikin goma ba a iya nuna wata cuta guda a ce ita ce sila. Yawanci yakan lafa cikin 'yan makonni in mutum ya ci gaba da harkarsa a hankali. Amma wanda aka karanta wa sakamakon hoto da turanci mai ban tsoro, sai ya je ya kwanta wata guda yana tsoron ko sunkuyawa, tsoka ta saki, ciwon ya samu wurin zama.

Aiki daga gida dai ba korona ce ta kawo mana shi ba. Iyayenmu mata sun daɗe suna ɗinkin hula a tsakar gida, kai a sunkuye tun hantsi har la'asar, ga masu keken ɗinki, ga masu kitso. Yanzu an ƙara da masu sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram, waya a hannu har tsakar dare, babban yatsa da wuyan hannu suna zugi. Shekarata ta farko matan nan ba sa zuwa, in ma sun zo sau ɗaya ba sa dawowa, ni kuma ban gane ba sai da wata Hajiya ta ce min, “Ɗan nan, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ka nemo mana mace.” Na ɗauki abokiyar aiki, ita ma mai lasisin MRTB, hukumar da ke ba masu fisiyo izinin aiki, na ware mata ɗaki ɗaya. Ita ke zuwa gidaje, kuma a can take ganin abin da ni ba zan taɓa gani ba daga nan: kujerar tsugunno, tsayin teburin yanka, inda ake ajiye waya. Yau rabin abin da ke shigowa ta hannunta yake shigowa.

Ranar Litinin ta 'yan ƙwallo ce. Kuma sau da yawa mutanen nan ne dai, waɗanda suka yi kwana biyar suna wuni a zaune. Asabar da yamma a haɗa kuɗi a kama filin roba na awa ɗaya, tun da kuɗi ake ƙirgawa ba mai ɓata minti goma a ɗumama jiki. Daga mota sai fili, sai gudu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma su a cikin fili suke fafewa. Tsokar bayan cinya ta yage, idon sawu ya gurɗe, wani takalminsa ya kafe a roba jiki ya juya gwiwa ta ce ƙas. Masu shekara arba'in su kuma agara ce ke tsinke musu, mutum ya waiwaya yana neman wanda ya doke shi a dunduniya, babu kowa. Tun 2006 hukumar FIFA ta fitar da tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, gudu a hankali, ƙarfafa cinya da ciki, tsalle da koyon dira, kuma an gwada an ga yana rage rauni ga masu yinsa a kai a kai. Kyauta ne. Na buga shi a takarda na liƙa a falo, ban ga wanda ya ɗauki hotonsa ba tukuna.

Targaɗe kafin ya iso gare ni ya riga ya zaga. An gasa da ruwan zafi, an murza da man zafi, an je wurin maɗori ya ja ƙafar har ta yi ƙara. Ba na zagin maɗora, sun riƙe mutane tun kafin a gina asibiti, amma jijiyar da ta yage ba ja take so ba, kuma ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi suka canja launi na iya cinye ƙafa. Kwana biyun farko abin da ake so a ɗaga ƙafar sama, a naɗe ta da bandeji ba matsewa, a bar zafi da tausa. Ƙanƙara a cikin tsumma minti goma sha biyar tana rage raɗaɗi, iyakarta ke nan. Shi kansa likitan Amurkan da ya yaɗa tsarin hutu, ƙanƙara, naɗi da ɗaga ƙafa a 1978, Gabe Mirkin, ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu na iya jinkirta warkewa. In mutum ba ya iya taku huɗu, ko ƙashin kansa ke zafi in an danna, hoto za a yi. In kumburi ya saɓe, sai a fara takawa, a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya, ko lokacin goge baki ne. Wanda ya tsallake wannan ya koma fili, ƙafar nan za ta sake gurɗewa.

Sai haɗin kemis, ƙwayoyi huɗu biyar a ƙulle a leda ba suna. Diklofenak da ibuprofen in aka daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, wani haɗin ma har da taramol. Kullum sai na ce a zo min da ledar.

Ni ma na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Wani magidanci mai aikin lissafi daga gida ya zo da ciwon tsakiyar baya, na ji kalmar kwamfuta na yanke hukunci. Mako uku muna motsi, ba sauƙi. Matarsa ce ta ce da abokiyar aikina ai yana jiƙa zanin gado da gumi da daddare, wandunansa duk sun yi masa yawa. Tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Muka tura shi Asibitin Ƙashi na Dala, Allah ya sa ƙafafun ba su tafi ba. Tun daga ranar ba wanda ke hawa gadona sai na tambaye shi zazzaɓi, rama, ciwon da ke tashinsa cikin dare, dindiris a tsakanin cinyoyi, fitsari ko bayan gida da ke kufcewa, ƙafar da ke rage ƙarfi. In matashi ne mai ciwon kwatangwalo, sai na tambayi ko mai sikila ne. Waɗannan ba na gidan gashi ba ne, ranar nake rubuta takarda su wuce.

Mai manhajar nan sau uku kawai ya zo. Bayan wata biyu ya turo min hoton teburinsa, ya ɗora kwamfutar a kan kwalin taliya. Kwanan baya sai ga shi da yayansa, an riƙo shi yana ɗingishi, ya gurɗe a filin roba. Na durƙusa ina duba idon sawun, shi kuma ya sunkuyo ya rage murya ya ce, “Likita, na gaya masa motsi ne maganin. Amma don Allah ka ɗan sa masa injin, in ba haka ba ba zai dawo ba.”