Godiya Daga Malamar Ajin Rumfa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, jiya Alhamis muka sallami yaran ajin rumfa, ajin 'yan gudun hijira da nake koyarwa a nan Gadarif, ƙasar Sudan. Yara 54 aka damƙa min, 49 suka kai ƙarshe tare da ni, biyar ɗin iyayensu ne suka koma garin Madani da su bayan hanya ta buɗe a farkon 2025. Ba mu binne ko ɗaya ba. Tun jiya nake maimaita wannan maganar a raina, ina tuna makokin da aka yi ta zama a unguwar nan cikin daminar bara, sai hawaye ya zubo min. Muryata ta dushe, ƙafafuna sun kumbura, a kwance nake rubutun nan da wayar a kan ƙirjina, amma na ce ba zan sake kwana ban yi godiya ba.

Ba sai na koma baya ba, kun bi komai. Kun san yadda muka baro Madani a watan Disambar 2023 da kayan jikinmu, kun san yadda muka tarar da makarantun Gadarif cike da irinmu, aji guda iyali uku ko huɗu, an rataye shanya a jikin allo. Kun ga hoton rumfar ranar da aka kafa ta da ranar da iska ta kwantar da ita. Kwanciyar da na yi lokacin amai da gudawa ma kun sani, ku ne kuka yi ta addu'a. Rana guda nake so in ba ku labarinta, domin ban taɓa rubuta ta ba, kuma saboda ita ne na kasa barin aikin nan ko da jikina ya ce in bari.

Wanda bai taɓa riƙe 'yan aji ɗaya na firamare ba yana ganin wasa ne da waƙa. Nawa ajin ya fi haka nauyi, don tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 ba a ɗauki sababbin yara ba, sai ga ɗan shekara shida da ɗan shekara tara a tabarma guda, dukkansu ba su taɓa riƙe fensir ba. A gida Hausa suke ji, littafi kuma da Larabci yake. Waɗanda suka taɓa zaman makarantar allo sun zo min da "ba, sin, mim ara" a bakinsu, na kuma ji daɗin haka, amma su ne suka fi ba ni aiki a kan fa da ƙaf. A allon malam, ruwan fa, wato ɗigonta, a ƙasa yake, ƙaf kuma ruwa ɗaya a sama, irin rubutun da kakanninmu suka zo da shi daga yamma. A littafin makaranta fa ruwa ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ban taɓa ce wa yaro na malaminsa kuskure ne ba, don ba kuskure ba ne. Cewa nake yi fa tana da riga biyu, ta masallaci da ta makaranta. Lissafi kuwa da ƙwallon dabino muka yi shi, a ƙasa muke zanawa da yatsa kafin mu samu alli. Bakwai da takwas sukan rikita yara saboda a rubutun Larabci ɗaya kamar an kifa ɗayan ne, sai na ce musu takwas jinkar bukka ce irin ta Gadarif, bakwai kuwa ƙwarya ce ta buɗe baki sama tana jiran ruwa. Biyar ƙwai ne, sifiri ƙwayar riɗi.

A cikinsu akwai wani yaro da suka iso daga Sinja a ƙarshen watan Yunin 2024, da ƙafa, cikin taɓo. Zai kai shekara takwas. Mako biyar yana zuwa aji bai ce uffan ba. In na kira shi sai ya ɗago ido, in na miƙa masa alli sai ya karɓa ya dunƙule a hannu har a tashi. Kakarsa ta ce min a gida ma haka yake tun daga hanya. Ban tambaye ta abin da ya gani ba.

Ranar da nake magana, hadari ya haɗo daga gabas da hantsi, kafin lokacin fatur, karin kumallonmu na nan. Muna tsakiyar ƙirga. Ban ankara ba sai tsawa ta faɗi, irin wadda kake ji har cikin haƙora. Kafin in juyo daga allo, yaran nan duka sun kwanta rub da ciki, hannuwa a ƙeya. Ba wanda ya ce su yi. Ba kuka, ba ihu, ko tari babu. Wata yarinya ta haye kan ƙaninta ta toshe masa kunnuwa da tafin hannunta, ita nata kunnen a buɗe. Wannan shirun shi ya karya ni. Yaro ɗan aji ɗaya in ya tsorata kuka yake yi ya nemi uwarsa, waɗannan kuwa an riga an koya musu cewa kuka yana tona maɓoya.

Ni malama, da ya kamata in ce musu ruwa ne kawai, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Gwiwoyina suka yi sanyi. Ina tsaye a Gadarif amma kunnena yana Madani, daren da muka fito. Allin ya faɗi daga hannuna, ina ganinsa a ƙasa na kasa sunkuyawa.

Sai ga Inna mai shayi ta bakin titi ta shigo, ta bar butarta a kan gawayi, gefen mayafinta ya jiƙe sharkaf. Ba ta ce kowa ya tashi ba. Ta samu wuri a tsakiyarsu ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu kamar mai tsince shinkafa, ta karanta addu'ar jin tsawa a hankali, "Subhanallazi yusabbihur ra'adu bi hamdihi." Sannan ta ce, "Jikokina, ku saurara. Wannan ta Allah ce. Ta Allah ba ta faɗowa babu sallama, sai ta haska tukuna sannan ta yi magana. Wa zai taya ni gadin hasken? In ya haska, mu ƙirga mu ga ina za ta kai."

Kai ɗaya ya ɗago, sai na biyu. Aka yi walƙiya. Inna ta fara, ɗaya, biyu, uku, ita kaɗai. A biyar tsawar ta zo. Ta ce, "Kun gani? Ta yi sallama ko ba ta yi ba?" Wata ƙaramar murya daga bayan randa ta ce ta yi. Walƙiya ta biyu, yara kamar goma suka bi ta, wasu da Hausa wasu da Larabci, wahid, itnen, talata. Ta uku kowa ya tashi zaune, ido a bakin rumfa, ana jira. Muka ƙirga har shida, sai muka ɗan tsaya da numfashi, a cikin wannan tsayawar na ji an ce "bakwai." Daga kusurwar hagu. Yaron Sinja ne, allinsa a dunƙule, bai kalli kowa ba. Tsawar ta sauka a kan bakwai ɗinsa daidai. Inna ta dube shi ta ce, "Kai ka kama ta, maigidana." Bai yi murmushi ba, amma da aka sake haskawa da shi aka fara tun daga ɗaya.

Ni duk wannan ina jingine da ginshiƙi. Da za ta fita ta dafa kafaɗata ta ce ƙasa-ƙasa, yadda yara ba za su ji ba, "'Yar nan, ɗauki allinki, suna kallonki." Na ɗauka.

Ruwa bai tsagaita ba sai ga ta ta dawo da butar nan da tambulan huɗu, ta dafa zoɓo mai zafi, ta juye sukarin jarinta na ranar gaba ɗaya a ciki. Kun san abin da sukari ya kai a lokacin. Yara suka yi ta kurɓa bi da bi. Da yamma na je da abin da ke hannuna in biya, ta ture hannuna ta ce, "Haba 'yar nan, so kike ki kore min lada?" Ita ma fa gudun hijira ya kawo ta, daga Mai Wurno, ba ta da komai a garin nan sai kurfoti da kujeru uku.

Daga ranar, ƙirgar tsawa ta zama darasi a ajinmu har damina ta wuce. Na yi musu bayanin cewa haske ya fi ƙara gudu, kowace ƙirga uku kusan kilomita 1 ce tsakaninmu da inda ta faɗi. Da hadari ya taso sai su fara gyara zama. Yaran da na yi wata guda ina fama su kai goma, a bakin rumfa suka kai ashirin. Jiya yaron nan shi ya tashi gaban iyaye ya karanta layi huɗu daga littafin karatu, a hankali, yatsa a kan baƙi. Kakarsa ta rufe fuska da mayafi.

Na san ba a kama sunan mai alheri a bainar jama'a, kuma na san wasunku za su yi fushi da ni. Ku yi haƙuri, yau sai na kira ku da sunan da unguwa ta san ku da shi. Inna mai shayi, ba ki da waya, amma jikarki za ta karanta miki. Allah Ya shayar da ke daga Alkausara, Ya mai da ke ɗakinki na Mai Wurno ki tarar da shi a tsaye. Baba mai karo, wato keken jaki, kullum kafin rana ta fito jakinka na bakin rumfa da gangar ruwa, ka cika mana randa biyu, ko sau ɗaya ba ka karɓi ko fam ɗaya ba. Lokacin annoba kai ka dage sai an riƙa saka maganin tsabtace ruwa, kana tsaye sai ka ga an saka. Ina da yaƙinin Allah Ya tsare yaran nan ta hannunka. Malam Liman, da rumfa ta faɗi kai ka buɗe mana harabar masallaci tsakanin hantsi da azahar, ka ba mu tabarmi, duk da surutun da aka yi. Kafintan bayan kasuwa, wanda ya mai da tsohuwar ƙofa allo, ya shafe ta da gawayi da ƙaro, har yau tana kama alli. Samarin takiyya, wurin dafa abincin sadaka na unguwa, da 'yan matan da ke kan tukunya, ku kuka sa yarana suka daina gyangyaɗi da yunwa, kwanon adas ɗinku, ƙananan waken nan, ya koyar da baƙaƙe fiye da ni. 'Yar uwata ma'aikaciyar jinya da ta nemo jijiya a hannuna da hasken waya ta ɗaura min ƙarin ruwa, ta kwana a kaina. Da 'yar maƙwabtana, wadda take jiran jarrabawar kammala sakandare da aka yi ta ɗagawa har sai ƙarshen Disambar 2024, ta ajiye nata karatun ta riƙe min aji kwana 11 ina kwance. Na dawo na tarar ta koya musu harufa uku, ba ta bar yaro ɗaya ya watse ba. Allah Ya ba ki abin da kike nema, ƙanwata, ke malama ce tun yanzu.

Waɗanda suka turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak daga Kasala da Fot Sudan, da su muka sayi alli da littattafan rubutu da sabulu. Waɗanda ban taɓa gani ba, daga Kano da Damagaram da Kumasi, kuka riƙa tambaya ta saƙo ya yara, Allah Ya san saƙonku ya sha tashe ni daga kwance. Maigidana da surukata, kun ci tuwon dare a makare watanni ba ku ce komai ba, alhali albashi ba ya zuwa.

Akwai kuma waɗanda na yi ta duba waya ina jiran sunansu. Jinina ne, suna Jidda da Makka, suna ganin duk abin da nake sakawa, don ina ganin alamar sun gani. Ban nemi riyal ba. Lokacin da nake kwance ban san ko zan tashi ba, "ya jiki" kawai na so ji. Na bar wa Allah, kuma ina roƙon Ya wanke min zuciyata a kansu, don har yanzu da saura.

Ya Allah, Kai Ka raka kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, da goyo da tsofaffi, har Ka zaunar da su a bakin kogi. Ka raka jikokinsu. Ka kashe wutar nan, Ka mai da kowa gidansa. An ce yara miliyan 17 yaƙin nan ya raba da makaranta a Sudan, ni 54 kawai na gani da idona kuma sun ishe ni kuka, ya Allah Ka ba sauran wanda zai zauna a tsakiyarsu. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a hanya da waɗanda annoba ta ɗauka. Ka sa yaran nan su manta da kwanciyar rub da ciki. Ka buɗe ƙwaƙwalwarsu, Ka raya su cikin imani, Ka sa su ji ƙan iyayensu. Duk wanda ya sa hannu a ajin nan, da kara ɗaya ko da kalma ɗaya, Ka gina masa gida a Aljanna, Ka ji ƙan mahaifansa, Ka rufa masa asiri duniya da lahira. Amin, amin, ya Hayyu ya Ƙayyum.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe min, gajiya ce. Iyayen da ke ta aiko yara gida suna tambayar rajistar sababbi, don Allah ku ba ni mako biyu murya ta dawo. Tabarmin masallaci guda shida suna wurina, an wanke an shanya. Baba, in ka kawo ruwa gobe sai ka ɗora su a karo ka sauke wa Malam Liman.