Zafin Maris da abin da muke zubawa a ciki

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa Afrilu, kafin ruwan sama ya zauna sosai, Kumasi wani gari ne daban. Hunturu ya tafi da ɗan sanyin safiyarsa, rana ta fito da ƙarfinta, ma'aunin zafi ya riƙa taɓa digiri 33 ko ma ya wuce, ga gumin da baya bushewa saboda iskarmu mai laima ce ba irin ta Tamale ko Bolga ba. A daidai wannan lokacin ne duk wanda ya ɗau alkawari a Janairu cewa bana sai ya gyara cin abincinsa yake yin shiru da maganar, kuma in ka tambaye shi zai ce maka ai zafi ne, mutum baya ma iya cin komai.

Toh nan ne nake da ja. Gaskiya ne zafi yana kashe marmarin abinci da rana, amma ba wai bama cin komai ba ne, sha muke yi. Ku duba yadda ranar mutum ɗaya take tafiya a unguwar Aboabo ko Asawase. Da safe koko da ƙosai, kokon ma an ce wa mai sayarwa ta ƙara suga. Sha biyu ta yi, rana ta take, babu mai son ganin shinkafa balle banku, sai a sayi sobolo, wato zoɓo, mai ƙanƙara. Ana cikin trotro, motar haya, zuwa kasuwar Kejetia go-sulo ya riƙe, yaro ya zo da abin sanyi a kai, a miƙa hannu ta taga. Bayan la'asar burkina ta gero da nono, ko minaral in baƙo ya zo shago. Sai bayan isha'i yunwar gaske ta taso da fushinta, a zauna gaban tuwo malmala biyu ko uku, a sha ruwa, a kwanta a ɗakin da fanka ke juya iska mai zafi. Da safe a tashi jiki a mace ace wai zafi ne.

Lissafin sugan nan ne mutane basa son ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke ci a rana, ga babban mutum wajen giram 50 kenan, kusan ƙaramin cokalin shayi 12, kuma in za a iya saukowa zuwa giram 25 ya fi. Gwangwanin Coca-Cola guda mai mililita 330 yana da wajen giram 35, wato cokali tara saura kaɗan. Guda ɗaya fa. Malta da muke kaiwa mara lafiya da mai jego muna ganin abin gina jiki ne, shi ma zaƙin nan da kuke ji suga ne. A 2023 gwamnatin Ghana ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin sha mai suga, farashi ya hau, wasu suka rage, amma harajin bai san hanyar gidan maƙwabciyata mai ƙulla sobolo da lamurje a robar ruwa ba, kuma mu a zango yawancin sugan da muke sha daga irin wannan robar yake fitowa. Na kwalba ko babu komai an rubuta adadin a jiki, na roba kuwa sai abin da hannun mai haɗawa ya ga dama, kuma ba laifinta ba ne, in ta rage mu ne za mu ce nata ba daɗi mu koma wurin wata.

Ni ban ce a daina shan sobolo ba, Allah ya kiyaye. Ganyen da kansa ba shi da matsala, da citta da kanumfari da ɓawon abarba abu ne mai kyau. Abin da nake yi shi ne in dafa nawa a gida tukunya guda, in sa suga rabin abin da aka saba, in matse abarba a ciki ta cike gurbin. Satin farko yara za su yi ta ɓata fuska, daga baya harshe ya saba, har na waje ya koma musu kamar an narka alawa. Burkina kuwa a daina ɗaukarta abin sha, gero ne da nono, abinci ce cikakkiya, in ka sha roba guda da rana to ka ci abincin rana kenan, kar ka bi ta da waakye kace ai baka ci komai ba. Haka fura.

Ƙishirwa ruwa take so. Na san magana ce da kowa ya sani amma a aikace da yawa daga cikinmu sai maƙogwaro ya bushe sannan mu tuna. Ledar piya wata rabin lita ce, saboda haka lissafi da sauƙi, kuma ba sai na gaya maka leda nawa ba don mai ɗaukar kaya a Kejetia da mai zama a ofis ƙarƙashin esi buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Ka duba fitsarinka kawai, in ya yi duhu kuma kaɗan ne to ruwa ya yi ƙasa, in fari-fari ne kana kan hanya. Rashin shan ruwa a zafi yana cikin abin da ke kawo tsakuwar ƙoda, kuma wanda ya taɓa ganin namiji babba yana birgima saboda ita ba zai ƙara wasa da ruwa ba. Tsofaffi su ne abin lura, don ƙishirwa bata cika damunsu ba ko da jiki yana buƙata. Ni Mma sai na ajiye mata kofi a gefen tabarma na tsaya a kanta, tace "ke kin cika takura, ai na sha ɗazu", ɗazun nan kuwa tun hantsi ne. Ruwan kwakwa ɗanye da ake fasawa a bakin titi ya fi kowane minaral, in an gama a ce ya tsaga a cinye naman ciki.

Yanzu abincin ranar da ake tsallakewa, wanda a ganina shi ne asalin ɓarnar. Hausawa suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ka bar cikinka babu komai daga koko har dare sai zaƙi, dole ka yi cin hauka da daddare, ba rashin tarbiyya ba ne, jiki ne yake karɓar bashinsa. Maganin ba wai ka tilasta wa kanka fufu da ƙarfe ɗaya na rana ba, a'a, ka ci abu kaɗan mai riƙe ciki. Waakye ma ya isa in an san yadda za a saya. Wake da shinkafa haɗi ne mai kyau tun asali, inda ake ɓata shi wurin kayan sama ne, taliya a kan shinkafa, gari a kan taliya, soyayyen ayaba, sannan a malala shito, soyayyen yajin nan, da man miya har ganye ya jiƙe. Ka ce "Hajiya a rage shinkafar, a sa ƙwai, a ƙara salak, man kaɗan", za ta kalle ka ta ce ko likita ne ya hana, ka yi dariya kawai ka karɓa. Dafaffen doya ko ayaba ɗanya yanka biyu da miyar kontomire, wato ganyen gwaza, shi ma baya nauyi. Ko gyaɗa da ayaba gasasshiya. Ko yalo da ƙuli-ƙuli, wanda yanzu yara ke gani kamar abincin ƙauye.

Abin da ya fi bani haushi shi ne lokacin zafin nan shi ne lokacin da kayan marmari suka fi yawa a gari. Alasa, wato agwaluma, tana ƙarewa mangoro yana shigowa, kankana ga ta a baro, gwanda, abarba, lemu, paya wato avocado. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta bayar giram 400 ne na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma ba wani abu ne mai wuya ba, mangoro ɗaya, yankan kankana ɗaya, da miyar ayoyo ko alefu mai kauri a kan tuwo kusan an kai. Amma a ci shi a yadda yake, da zarar an markaɗe an tace an zuba suga da madara an koma gidan jiya. Sannan ni dai na fi son in sayi kankana guda in yanka a gida, ko mai sayarwa ya yanka a gabana, wadda aka yanka tun safe aka ƙulle a leda tana shan rana ga ƙuda, ban yarda da ita ba. Masu ciwon suga kuma mangoro ba a zauna masa da kwano, ɗaya ya isa, sauran a tambayi likita.

Ga maganar lalacewar abinci, wadda ita ce take sa wasu matan su daina girki gaba ɗaya su koma saye a waje. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye haka nan ba a wuta ba ba a firij ba, a irin zafinmu ma awa biyun da yawa. Miyar gyaɗa da ta agushi basa jira, in dumso ya zo aka ɗauke wuta firij ya mutu to a tafasa miya safe da yamma, tafasa na gaske har ta yi ƙwal-ƙwal, ba ɗumi-ɗumi ba. Shinkafa ce mai yaudara, ba wari ba yauƙi amma akwai ƙwayar cuta da ke yaɗuwa a cikinta in ta kwana a waje, kuma dafin da take bari ɗumame baya kashe shi. Gara a dafa daidai ci. In kuma gudawa ta shigo gida, musamman ga yaro, a nemi ORS a kemis, in babu a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na suga da rabin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana shirin asibiti. Wanda ya ga kwalarar 2014 a Accra ya san ba abin jira ba ne.

Gishiri kuma, akwai masu cewa tunda ana gumi sai a ƙara. Mai aikin ƙarfi a rana wuni guda wataƙila, amma mu sauran abin da ke cikin magi da kifin gishiri irin koobi da momoni da shito ya riga ya wuce giram 5 da aka ce a tsaya a kai a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya kenan. Daddawa da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano har a rage dunƙule ɗaya ba wanda ya lura.

Shekarun nan kuma azumi yana faɗowa cikin zafin, na 2024 da na 2025 duk sun ci watan Maris, kuma abin da na lissafa a sama a wata ɗaya yake haɗuwa, wuni ba ci, a sha ruwa da sobolo da lamurje da minaral a jere, a bi da ƙosai da pinkaso da masa, ciki ya cika da zaƙi da mai har a kasa tsayuwar tarawihi. Dabino da ruwa, a yi magariba, kankana ko koko mara suga sosai, sai abinci na gaske daga baya, ruwan kuma a rarraba shi har zuwa sahur maimakon a ɗura leda uku ana jin kiran assalatu. Sahur da wake ko ƙwai ko fura ya fi riƙe mutum a kan burodi da shayi mai cokali huɗu.

Tuwon dare ban hana kowa ba, mu da tuwo sai Allah. A dai matso da shi kusa da magariba in hali ya yi, a rage malmala a ƙara miya. Yara kuma kuɗin makaranta da ake basu da safe, ku tambaye su me suke saya in an tashi, rabi a ƙanƙara mai kala yake tafiya. Ni gorar ruwa nake cika musu in sa a firiza tun dare, da lemu ko mangoro a jaka, kuɗin kuma na rage shi.