Benen da ba a cika hawa ba a gidan tarihin Meksiko

Tun kafin in kai ƙofa, wani ƙaton gunkin dutse ya tare ni a bakin titin Reforma. Tlaloc ake ce masa, abin bautar ruwan sama na mutanen da. A 1964 aka ɗauko shi daga ƙauyen Coatlinchán, mutanen ƙauyen suka ce allambaran ba za a taɓa musu shi ba, sai da aka turo sojoji. Ranar da ya shigo birnin Meksiko kuwa aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. A shekarar ce aka buɗe wannan gidan tarihi na ƙasa, cikin lambun Chapultepec.

Ina shiga tsakar gida na ga wata makekiyar rumfa a kan ginshiƙi ɗaya tal, ruwa na kwararowa kewaye da shi. Daga nan kowa ya nufi zauren Aztek, mutanen da suka yi daula a nan kafin zuwan Turawa, ni ma na bi ayari. Dutsen Rana, wani makeken faifan dutse da Aztek suka sassaƙa, na can ƙurya, faɗinsa kusan mita 3.6, nauyinsa wajen tan 24. An tono shi a 1790 a babban dandalin birnin. Sai da na yi ta kutsawa tsakanin masu ɗaukar hoto kafin in ga fuskar da ke tsakiyarsa, harshe waje, mai siffar wuƙar dutse. A zauren kuma akwai hular gashin tsuntsu da ake dangantawa da Sarki Moctezuma na Aztek, amma kwaikwayo ce. Ta ainihin tana Ostiriya, Meksiko na ta roƙo, har yau shiru.

A zauren Maya, wata tsohuwar al'umma ta kudancin ƙasar, na gangara ƙasa na ga kwatancin kabarin Sarki Pakal, wanda aka gano a tsohon birnin Palenque a 1952, da abin rufe fuskarsa na koren dutse.

Da ƙafafuna suka huta na hau bene, inda aka ware wa jikokin waɗannan mutane, masu rai a yau. Tsit! Daga ni sai mai gadi da wata tsohuwa. Ga bukkokin da aka gina kamar a ƙauye, ga masaƙar da mace ke ɗaurawa a ƙugu, ga zanen zare na ƙabilar Huichol mai ɗaukar ido. Ƙasar na da harsunan asali 68, masu jin Nahuatl, harshen Aztek, kaɗai sun haura miliyan 1. Abin ya tsaya mini a rai: ana turereniya wajen kakannin da suka mutu, an bar jikokinsu ba mai leƙawa.

Da na fito na tarar da mutum 5 cikin jajayen wanduna sun hau wani dogon turke. Ɗaya ya zauna a ƙololuwa yana busa sarewa yana kaɗa 'yar ganga, sauran suka saki jiki, igiya a ƙugu, kai a ƙasa, suna kewaya turken har suka sauka. Abokinsu ya zagayo da hula, na jefa masa 'yan peso na tafi neman mota.