Asabar a filin farautar dattijo

Da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, don tun Laraba dattijon da muke maƙwabtaka ya roƙe ni in raka shi filinsa. Eka 40 ne a arewacin Lansin, a nan jihar Mishigan. Gado ne daga mahaifinsa, kuma ba ya nomawa, farautar barewa kaɗai yake yi a ciki. Ofishin kula da ƙasa da ruwa na gundumarsu yana karɓar odar dashe a wannan wata na Fabrairu, a raba a Afrilu. Ya san aikina gwajin ƙasa ne, shi ya sa ya ce mu zaɓa tare.

A mota ya zayyana mini kukansa. Duk 15 ga Nuwamba, ranar buɗe farauta da bindiga, sai ya wuni a kan ɗan benensa na katako bai ga ko wutsiya ba, alhali kyamarar da ya ɗaure a bishiya tana nuna barewa suna wucewa da dare. Da can masara da karas yake zuba musu. Tun 2019 an hana zuba abincin jawo dabba a wannan sashe na jihar, saboda wata cuta mai cin ƙwaƙwalwa da aka gano a jikin wata barewar daji kusa da Lansin a 2015. Shi a ganinsa maganin shi ne dasa tuffa da cesnot, wata bishiya mai 'ya'ya masu ɓawo da barewa ke ci, da yawa.

Mun tarar da dusar ƙanƙara ta kai ƙauri, sawu kuwa ba ya ɓuya a kanta. Barewa sun shigo ta gabas daga gonar masarar wani, sun ratsa filin a miƙe, sun faɗa fadamar maƙwabci ta yamma. Muka zaga ko'ina, ba mu ga makwanci ko ɗaya ba, irin gurbin nan da jikin dabba ke narkarwa. Sai na tsuguna, na ce masa, Baba, tsuguna ka duba. Daga tsayin idon barewa ana hango har shingen iyaka. Bishiyoyin meful, waɗanda ake tatsar ruwansu mai zaƙi, sun yi tsawo sun haɗe kai a sama, rana ba ta sauka, ƙasa fayau. Duk wani reshe da ke ƙasa da ƙafa biyar an cinye shi kamar an bi da almakashi. Dabbar da duk rayuwarta a ƙasa da ƙafa biyar take, me za ta tsaya yi a nan da rana? Abinci na gonar masara. Wurin kwanciya ne babu.

Wuri ɗaya ne ya yi duhu, inda itatuwan ash suka mutu a tsaye. Ƙwaron da ya kashe su daga Asiya ya zo, a 2002 aka fara gane shi wajen Ditroit. Haske ya samu ƙofa, amma abin da ya cike gurbin shi ne tsiron da suke kira zaitun kaka. Hukumomi da kansu suka riƙa raba shi a tsakiyar ƙarnin da ya wuce don namun daji, yau kuma su ke kashe kuɗi wajen yaƙarsa, tunda tsuntsaye na yaɗa irin ko'ina yana danne komai. Dattijo ya ce ko kusa ba zai taɓa shi ba. Ban ga laifinsa sosai ba, don shi ne kaɗai labulen da filin yake da shi. Na ce a riƙa cirewa sannu a hankali, bayan madadinsa ya tashi.

A bukkarsa muka hura murhu muka baje takardar oda. Sifrus ɗan Norway, itacen da ba ya kaɗe ganye a hunturu, na fara sa wa alama. Barewa ba ta cika son cinsa ba, kuma in an ba shi tazara, kamar ƙafa goma zuwa goma sha biyu, ba ya zubar da rassansa na ƙasa. Za mu dasa shi gungu-gungu ta arewa maso yamma, inda iskar hunturu ke bugowa. Shekarun farko dai sai an yi haƙuri, kuma ciyawa ce babbar abokiyar gabarsa. Dattijo kuwa itacen farin sida yake so, don a arewacin jihar cikin fadamun sida barewa ke taruwa su ci hunturu. Gaskiya ne, amma sonsa da suke yi shi ne matsalar: ƙaramin dashe ba ya ganin bazara in babu shinge. Jan sida kuma na soke da kaina, yana ɗauke da cutar tsatsar da ke lalata ganyen tuffa. Gefen dausayi mun ba wa wilo da dogwud mai jan kara, waɗanda sanda kawai ake cusawa a laka ta kama.

Kan itacen ok muka fi daɗewa. 'Ya'yan farin ok ba su da ɗaci sosai, a shekara guda suke nuna, barewa na rububinsu. Na jan ok sai sun shekara biyu a reshe, ga ɗaci, amma suna jure kwanciya a ƙasa har ƙarshen hunturu. Kowanne ka dasa, shekara ashirin ko fiye kafin ya haihu. Dattijo ya haura saba'in, dariya kawai ya yi. Sai na tuna masa manyan farin ok biyu da muka wuce a kan tudu, meful ya shaƙe su. A sare na kewaye, kansu ya buɗe, su ƙara 'ya'ya, kututturan meful ɗin kuma su tofo sabon ganye daidai bakin barewa. Renon toho daga kututture ba baƙon abu ba ne gare ni. Da shi manoman Maraɗi suka mayar da itatuwa gonakinsu tun shekarun 1980.

Cesnot na bar masa guda shida, irin na Sin, mai jure cutar da ta bayyana a Niyok a 1904 ta share na Amurka. Ba ya son jiƙaƙƙiyar ƙasa, don haka sai na gwada tudun in ƙanƙara ta narke. Da ya lissafa kuɗin kejin waya, don kada namijin barewa ya goge ƙaho a jikin dashen, da ragar da za ta hana ɓeraye cin ɓawo, sai ya ga sun fi kuɗin dashen. Da kansa ya rage yawan tuffar.

Da azahar na kira Kawu a Daura, tsohon mafarauci ne, can magariba ta yi. Na ba shi labari. Ya ce, "Kai yaro, wato ka gina mata ɗaki, ka shuka mata abinci, sannan ka harbe ta? Ai wannan kiwo ne." Da ya gama dariya ya tambaya ta ina mutumin yake shiga filin, ta ina kuma iska ke zuwa. Na fassara wa dattijo, ya yi shiru. Hanyarsa ta gabas take, amma benen yana can yamma, a saman iska, warinsa na mamaye filin duka. Benen zai koma kudu maso gabas.

Da za mu taso ya miƙo mini tsiran-alade na naman barewa. Na tambaya, ashe da kitsen alade ake haɗawa, na ba shi haƙuri. Sai ya ɗauko kwalbar zumar meful da ya dafa bara, daga bishiyoyin da nake cewa a sare. Har muka iso gida muna ciniki kan faɗin wurin da za a sare: ni na ce eka biyu, shi ya tsaya a kan rabin eka.