Leya, ba laya ba

Ranar da na gaya wa Baba cewa na fara koyon aiki da leya, sai ya ajiye kofin kokonsa ya ce, "Laya kuma? Wurin wane malamin?" Da ƙyar na fahimtar da shi cewa a kwamfuta ne, a wani shagon buga katuna da ke New Town a Accra, inda nake sammako daga Nima kullum.

Ogana da leda ya koya mini. Ya samo ledoji uku masu shara-shara, ya zana masallaci a ɗaya, ya rubuta suna a ta biyu, ya manna hoto a ta uku, ya ɗora su a kan juna. Kowace leda ita ce leya ɗaya. In ka duba ta sama hoto ɗaya ne. Ka zare ta tsakiya, suna ya tafi, masallaci ko gezau. Wadda ke sama ita ke rufe ta ƙasa. Shi kansa Photoshop, manhajar gyaran hoto da muke aiki da ita, da ya fito a 1990 bai zo da wannan ba, sai a 1994 aka saka. Nakan tausaya wa mutanen da suka yi aiki kafin nan.

Ji na ji, amma sai da wata Hajiya daga Mamobi ta kawo katin auren 'yarta na gane. Na yi aikin ya yi kyau, kwamfutar tana ta nauyi, sai na danna Ctrl+Shift+E na haɗe komai, na adana a JPEG, wato hoto ɗaya da ba ya riƙe leya, na rufe abina. Washegari sai ga ta.

"Ɗana, an ɗaga ranar. Dangin ango na Kumasi sai Lahadi za su iso. Kuma ankon ba kore ba ne yanzu, ruwan zuma ne."

"To Hajiya," na ce, cikina ya ɗuri ruwa. Kwanan watan a kan zanen furanni yake zaune, in na goge shi furen ma ya tafi. Haka na sake katin daga farko, ina tsakiyar yi aka ɗauke wuta, ban bar shago ba sai bayan isha'i.

Tun daga ranar kowane abu da leyarsa, kuma da sunansa: amarya, ango, kwanan wata, bango. Kafin na taɓa hoton mutum sai na danna Ctrl+J na yi kwafi. Magogi kuwa na daina amfani da shi. Akwai abin da ake ce wa mas, ni mayafi nake kiransa: ka shafa baƙi ya ɓoye, ka shafa fari ya dawo. Gefen ɗankwalin da ka yanke da kuskure yana nan ƙarƙashi yana jiranka.

Wanda na fi so shi ne na rubutun malamai. Wasu ba sa son haruffan Larabcin kwamfuta, sai malaminsu ya rubuta Bismillah da tawada a farar takarda. Ina ɗaukar hotonta da waya, in ɗora a sama, in juya leyar zuwa Multiply. Farin takardar ya ɓace, tawada ta zauna a kan bango kamar a nan aka rubuta.

Ƙanena da ba shi da kuɗin Photoshop da GIMP yake yi, kyauta ne, shi XCF yake adanawa maimakon PSD, wato fayil ɗin Photoshop mai riƙe leya. Wani shafi mai suna Photopea ma yana buɗe PSD a intanet.

Bayan shekara Hajiya ta dawo, katin suna take so. Na buɗo PSD ɗin auren, na kashe leyar ango da amarya, na canza rubutu, na bar furannin. Ko zama ba ta gama gyarawa ba na juyo mata da fuskar kwamfutar.

"Har ka gama? To ɗana, sai ka rage mini kuɗin."