Akwatin wasan da na ƙera a Garwa

Ina shekarata ta biyu da fara koyon gyaran rediyo da talabijin a wani shago a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, maigidana ya ciro wata tsohuwar Sega Mega Drive daga ƙarƙashin tebur ya miƙo mini. Na'urar wasa ce da aka fitar a Japan a 1988, amma da na share ƙurar na sa mata kaset, sai ta tashi garau. A ranar na ƙudurta zan yi mata akwati irin na gidajen wasa, wanda ake tsayawa a gabansa, da sanda da manyan maɓallai, in ajiye a ƙofar gidanmu yara su riƙa bugawa.

Wajen haɗa wayoyi ban sha wuya ba. Na buɗe manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasa, masu maɓalli shida, irin waɗanda Sega ta fitar a 1993 lokacin wasan faɗa na Street Fighter II, na bi koren allon cikinsu da mitar gwajin lantarki har na gano inda kowane maɓalli yake taɓawa, na liƙa waya da dalma. Ƙafa ɗaya ta kowane sabon maɓalli tana tafiya wurinta a allo, ɗaya ƙafar kuma duk a waya guda suke haɗuwa. Kwana biyu na gama, har na fara jin kaina.

Talabijin ce ta sauke mini girman kai. Irin ta da ce, mai ƙaton baya. Na zare ta daga wuta, na cire murfin, na kai hannu wajen robar nan da ke manne a jikin kwalbar da ke nuna hoto, sai maigida ya buge mini hannu da ƙarfi.

"Kai yaro, ka gaji da duniya ne?"

"Baba, ai na cire ta daga wuta."

Sai ya ɗauko sukundireba, ya ɗaura mata waya, ya haɗa ɗaya bakin da ƙarfen jikin kwalbar, ya sa hannu ɗaya a aljihu, ya cusa ta ƙarƙashin robar. Muka ji ƙas! Ya ce wutar da ke wurin tana kai volt 25,000 idan talabijin na aiki, kuma kwalbar kan riƙe ragowarta ko an kashe. Har yau in zan buɗe irinta, hannuna na hagu da kansa yake shiga aljihu.

Amma babban kuskurena a katako na yi shi. Na auna talabijin, na auna Sega, na auna tsayina, na kai wa kafinta. Ya dubi takardar ya ce, "Ƙanina, su wa za su buga?" Na ce yaran unguwa. Ya ce to me ya sa ban auno su ba? Na nuna masa ai na san abin da nake yi. Bai ja da ni ba, ya yanka yadda na rubuta. Ranar da muka fito da akwatin, ƙanena mai shekara takwas ya tsaya a gabansa, maɓallan suna daidai haɓarsa. Sai da aka kife masa bokiti ya hau. Manya kuwa kafaɗunsu na gogar juna, domin na matse sandunan biyu wuri guda don in rage kuɗin katako.

Ga shi kuma, saboda son ya yi kyau, na rufe bayan ruf da ƙusa da gam. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafi kan wuce digiri 40, balle cikin akwatin da talabijin ke huci ba ta da mafitar iska. Kafin la'asar hoto ya fara rawa. Lasifikar da na ɗaura dab da kwalba ita ma maganaɗisunta ya ɓata launi, kusurwa ɗaya ta koma shuɗi-shuɗi. Da waya ɗaya ta tsinke a ciki, aikin da bai fi minti biyar ba, dole na ɓalle bayan gaba ɗaya, katakon ya tsage. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, don kullum a shago ni ne mai ƙorafi a kan kayan da aka rufe su yadda mai gyara ba zai iya shiga ba.

Na koma wurin kafinta da igiyar awo da yara uku. Bai tuna mini maganarsa ta farko ba, ya dai tsayar da su ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunsu. Muka rage ƙafafun akwatin, muka faɗaɗa allon maɓallai, muka yi wa bayan ƙofa mai kwaɗo, muka huda ramuka sama da ƙasa tare da ƙaramar fanka da raga saboda ƙurar hunturu, lasifika kuma ta matsa nesa da kwalba. Jiya maɓallin tsalle na ɗan wasa na biyu ya daina aiki. Na buɗe ƙofar, na liƙa wayar, yaran suna tsaye suna riƙe da layinsu.